Ranar Da Delbert Bai Sassauta Wayoyi Ba

Kuɓewa na cikin mai tana soyuwa lokacin da kiɗan ya yanke. Verna Pickard ta tsaya cak da cokali a hannu, ta kasa kunne ta tagar kicin.

Shekara ashirin da shida tana maƙwabtaka da Delbert Haskew a wannan layi na bayan garin Nashville, ta san hantsinsa kamar yunwar cikinta. Zai zauna gaban jitarsa mai ƙafa huɗu, mai kama da teburin ɗinki, yana goga ɗan ƙarfe a kan wayoyi, ƙafafunsa na taka feda, gwiwoyinsa na tura ƙarafan ƙasa. In ya gama, sai a ji wayoyin suna nishi ɗaya bayan ɗaya, yana sassauta su har ashirin. Da wannan nishi Verna ke sanin lokacin ɗora abincin rana ya yi. Yau kuwa kiɗa ya mutu a tsakiyar waƙa, nishi bai biyo baya ba.

Gabanta ya yanke ya faɗi. Ta kashe wuta, ta tsallaka ciyawar da ke tsakaninsu da silifa ƙafa ɗaya.

"Delbert! Kai tsoho, in wasa kake yi ba na so!"

Ta same shi ya zame daga kujera, bayansa jingine da bango, gumi ya jiƙa rigarsa sharkaf. Ɗan ƙarfen ya gangara ƙarƙashin gado. Leɓensa ya yi fari fat, irin farin da ta gani a leɓen mijinta Floyd ranar da ya faɗi a bakin gareji. Shi ma Floyd ɗin ita kaɗai ce a kansa. Sau biyu tana kuskuren lambar motar asibiti kafin ta same su.

"Suna zuwa," ta ce, ta durƙusa. "Minti goma suka ce. Kada ka kuskura ka yi mini haka, ka ji ko?"

"Kin ƙona wani abu," ya ce da kyar. "Tun daga nan nake jin ƙauri."

"Ƙaurin gidanku! Yi shiru ka yi numfashi."

Ya ɗaga yatsa ya nuna jitar. "Sassauta mini su, Verna. Hannuna ya ƙi."

Sai wani tsoron ya taso ya danne na farko.

Ai kowa a layin ya san tarihin. Tun zamanin da makaɗa ke haɗa feda da hannunsu, Delbert ya ciro na tsohuwar motar ubansa, ya ƙulla da wayar rataye kaya, ya ƙirƙiro nasa saitin wayoyi da babu mai irinsa, wato yadda ake ɗaure kowace waya ta ba da nata sauti. A lokacin satar saiti ake yi kamar satar kaji. Wata rana a gidan rawa ya fita shan iska, abokinsa Royce Mabry ya lallaɓa ya taɓa wayoyin ɗaya ɗaya, ya haddace, bayan wata biyu aka ji sautin Delbert a rediyo da sunan wani. Delbert ya sake sabon saiti, ya rantse. Daga ranar bai ƙara tashi daga gaban jita ya bar ta a ɗaure ba, ko bayan gida za shi. Bai rubuta a takarda ba, bai gaya wa ko matarsa ba har ta koma ga Allah.

Sau uku wata baiwar Allah mai suna Odessa, daga ɗakin adana tarihin kiɗa, tana zuwa da na'urarta ta ɗaukar sauti tana roƙonsa ya bari ta adana saitin. Ya ba ta shayi mai ƙanƙara, ya ba ta labari har ta gaji, ya sallame ta. A zuwa na uku ta tsaya a bakin shingen Verna, idonta ya yi ja, ta ce, "Mama, duk tsararsa sun tafi. In ya tafi da abin nan a kansa, shi ke nan." Ta bar mata lambarta.

Ga shi yau, karo na farko cikin shekara sittin da wani abu, jitar na tsaye a ɗaure, mai ita kuma a ƙasa.

"Verna. Kunnuwan nan na gefe. Murɗa su hagu."

"Bari su zo tukuna."

"Su zo su tarar da ita haka? Royce..."

"Royce ya shekara goma sha tara a kabari! Kai ka yi masa kiɗa a coci ranar binne shi, ni na kai burodin masara!"

"Ɓarawo ne ko a kabari."

Ta miƙe. Ta ɗora yatsu a kan kunnen farko, sanyin ƙarfen ya ratsa ta. Ta taso a gidan da ba a musu da mai shirin mutuwa. Uwarta takan ce abin da ya roƙa na ƙarshe, in ka hana, zai bi ka har naka gadon. Wallahi ta ji tsoron wannan. Ta kuma ji tsoron gobe da hantsi, da jibi, layin ya yi tsit, kuma ita ce da hannunta ta kashe sautin. Yana kallonta. Numfashinsa na fita guntu-guntu.

Ta janye hannunta.

"Ba zan yi ba, Delbert."

"Me kika ce?"

"Na ce ba zan yi ba!" Kuka ya ƙwace mata. "Ka tashi ka yi da kanka in ka isa. Shekara ashirin da shida ina wanke-wanke da kiɗan nan. Ba naka ba ne kai kaɗai, tsohon marowaci kawai!"

Ya zuba mata ido, ido mai zafi, har ta ɗauka tsine mata zai yi. Ta ƙanƙame bakin tebur tana jira. Can nesa jiniya ta fara tasowa daga babban titi.

Sai ya kau da kai ya dubi taga. Ranar Yuli ta shigo ta kwanta a kan rabin jitar, wayoyin na ƙyalli.

"Taurin kai kamar jakin kakana," ya ce a hankali. "To ja labulen mana. Rana na sa su saki. Kafin yarinyar nan Odessa ta zo duk sun karkace."

Verna ta ja labulen da sauri har ƙugiya ɗaya ta tsinke.

Ma'aikatan asibiti biyu suka shigo da gadon ɗauka. Babbar cikinsu, wata doguwar mata, ta kai hannu za ta matsar da jitar don a samu hanya.

"Kada ki taɓa!" Verna ta daka tsawa har matar ta zabura. Dole ta ƙofar baya suka fita da shi.

Bai kai asibiti da rai ba. Ƙarfe ɗaya da kwata aka bugo mata.

Da Verna ta kira Odessa, ta ce tana Memphis, amma ta kama hanya yanzu, awa uku da ɗan wani abu. Verna ta koma ɗakin Delbert, ta rufe ƙofa, ta kunna na'urar sanyi kaɗan-kaɗan yadda yake yi. Ta zaro ɗan ƙarfen daga ƙarƙashin gado, ta goge shi da gefen riga, ta riƙe a cinya. Ba ta zauna a kujerarsa ba. Ta jawo wata can gefe, nesa da feda, ko tari tana tsoron yi.

Wata babbar mota ta wuce a titi, katakon ɗakin ya ɗan girgiza. Wayoyin ashirin suka amsa da kansu, siririn sauti, a ɗaure yadda ya bar su.