Wata Huɗu Saloma na Shiga Rumbu

A gidan Mama Hannah da ke gindin dutse a Manga akwai wata doka da ta girmi cocin garin: mace mai jinin al'ada ba ta shiga rumbu. Tsohuwar ba ta san dalili ba, ta dai tarar ana yi, ita ma ta riƙe. Idan kwanakin Saloma matar ɗanta suka zo, sai Saloma ta ajiye ƙwarya a gindin tsani ba ta ce komai ba, tsohuwar ta hau da kanta ta ɗebo dawa tana ƙorafin gwiwa. Da haka ta san watan Saloma fiye da ita Saloma ɗin.

Mijin, Ebenezer, soja ne. Da ya zo hutun Ista ya ɗauki matarsa a babur zuwa wani asibiti a Zuru, saboda a haihuwar Divine, 'yarsu ta biyu, Saloma ta zubar da jini har aka fara cire rai da ita. Malamar asibitin, Munira, ta sa mata wani siririn abu kamar tsinken ashana a ƙarƙashin fatar damtse, wanda zai hana ta ɗaukar ciki shekara uku. Ta faɗa mata gaskiya cewa al'ada za ta iya rikicewa. Wasu matan suna ganin ɗigo-ɗigo, wasu kuma abin ya ɗauke gaba ɗaya, kuma ba ciwo ba ne, jini ba ya taruwa a ciki. Mahaifa ce ba ta yin shimfiɗarta mai kauri ta kowane wata, don haka babu abin sharewa.

A hanyar komawa Ebenezer ya sa ta yi alkawari ba za ta gaya wa Mama ba, tunda jika namiji take jira. Shi zai yi mata bayani da bakinsa da Kirsimeti. Haka maza da yawa suke, su ɗora wa mace kaya su shiga mota.

Wata biyu na farko ɗigon ya dame ta, yau akwai gobe babu, tsohuwar ta sha hawan tsani har ta gaji. Daga nan komai ya ɗauke.

Saloma ta ji daɗi, kuma ba ta da laifi. Tana son cikin rumbun nan. Akwai sanyi, akwai ƙamshin tsohuwar dawa, hasken rana yana sauka ta bakin sama ƙura tana iyo a cikinsa a hankali. Takan cika ƙwaryar ta zauna a kan zangarniya ta manta da lokaci. Wani lokaci a zuci ta ga Ebenezer yana gangarowa daga dutse cikin hazon damina, ba bindiga ba kaki, da fartanya a kafaɗa kamar lokacin da yake nemanta. Wani lokaci ta ji jikinta kamar gonar da aka bari ta huta, ciyawa ta rufe ta, ruwa na sauka, babu mai tambayarta amfani. Har ƙiba ta ɗan yi, fatarta ta yi sheƙi. Bai taɓa faɗo mata a rai ba cewa akwai mai kallon gindin tsani.

Wata ranar Juma'a da hantsi, damina ta kusa ƙarewa, ta sauko ta tarar da tsohuwar zaune a kan turmi.

"Uwar Divine, ajiye ƙwaryar nan."

Ta ajiye. Mama Hannah ta yi magana ba tare da ɗaga murya ba. Ta ce ɗanta ya tafi wata shida ke nan. Ta ce da idonta ta ga Saloma ta yi wanki bayan tafiyarsa, sau da yawa ma. Yanzu kuma wata huɗu cur ba a ajiye mata ƙwarya ba, ga kumatu sun ciko.

"Ni ban yi boko ba, amma na haifi goma sha ɗaya. Ciki dai ba a ɗaukarsa a waya."

"Mama, ba ni da ciki."

"To cikin dawa ne? Ranar Lahadi bayan sujada zan ga Fasto da dattawa. Ki faɗa musu mai shi, tunda ni kin raina ni."

Saloma ta san abin da hakan yake nufi. Za a kira sunanta a gaban jama'a, a mayar da ita bencin baya, kuma ko gaskiya ta fito daga baya, a Manga ba a wanke irin wannan suna. 'Ya'yanta mata za su girma da shi. Ta shiga ɗaki ta kira lambar Ebenezer sau shida. Inda yake babu sabis, mako uku ke nan ba ta ji muryarsa ba. Ta zauna a bakin gado tana juya alkawarin da ta yi masa. Alkawari abu ne mai nauyi, amma wanda ya karɓe shi ba ya nan, kuma ba shi za a tsayar a coci ba.

Ta fito. Tsohuwar tana nan inda ta bar ta. Saloma ta durƙusa, ta naɗe hannun rigarta, ta kama yatsan tsohuwar ta ɗora a damtsenta.

"Danna nan, Mama."

Mama Hannah ta danna, ta janye da sauri kamar ta taɓa kunama, sannan ta mayar. Saloma ta faɗa mata komai: asibitin, Munira, babur ɗin, da wanda ya ce a yi shiru. Tsohuwar ta tambaya inda jinin wata huɗu ya tafi. Saloma ta maimaita mata zancen shimfiɗar mahaifa kamar yadda aka faɗa mata. Tsohuwar ba ta gamsu ba, ta ce sai ta ji daga bakin malamar da kanta, kuma gobe ba jibi ba.

Amma ba ta saki hannun ba. Ta daɗe tana bin tsinken da yatsa, idonta a kan dutsen da gajimare ya lulluɓe kansa. Can ta ce cikin goma sha ɗayan nan huɗu ne suka yi rai, kuma ba ta taɓa yin damina biyu a jere cikinta ba komai ba.

"Jikan nawa ke nan sai bayan shekara uku."

"In Allah ya yarda, Mama."

"Shi kuma mara kunyar nan, soja ne a wajen gwamnati. Ya zo Kirsimetin, zai same ni."

Ba ta nemi gafara ba, tsofaffi ba su iya wannan ba. Washegari suka hau babur ɗaya zuwa Zuru, ta tsare Munira da tambayoyi har masu jiran layi suka fara tsaki. Ranar Lahadi da aka tashi daga sujada Fasto ya tsaya a ƙofa yana gaisawa da jama'a. Mama Hannah ta gaishe shi, ta tambayi lafiyar iyalinsa, ta wuce, Saloma na biye da ita da Divine a baya.