Taku Bakwai Daga Ƙofar Ɗakin Inna

Shekarar da aka yanke Jigawa daga Kano, mu a Birnin Kudu har guɗa muka yi. Ni Hapsatu da bakina na rangaɗa ta, Allah ya yafe mini. Ba a rufa shekara ba aka kwaso ma'aikata daga Kano, Dutse ta kasa ɗaukar su, suka bazu neman wurin zama. Nan wani kamfani ya hango mu. Wai za a rushe unguwarmu da ke tsakiyar gari, a gina benaye masu hawa hurhuɗu, iyali a kan iyali kamar buhunan gero a sito. Mu kuma a ba mu fuloti a hanyar Kangire.

Kowa ya dangwala hannu a takardar yarda ban da mahaifiyata, Inna Barira. Mai unguwa ya zo sau biyu, ta ba shi ruwa, ta hana shi amsa. Mutane suka fara cewa tsohuwar taurin kai gare ta. Ni na san dalili. Kafin a haife ni, jarirai uku Inna ta rasa a jere. A zamaninsu ba a kai jariri maƙabarta, a cikin gida ake binne shi, ba dutse, ba alama. Nata suna gefen rijiya, taku bakwai daga ƙofar ɗakinta in ka miƙe gabas. Ko ruwan wanke-wanke ba a taɓa zubarwa ta nan ba. Ina ƙarama na yi tsalle a wurin sau ɗaya, marin da na sha har yau ina jin sa.

Safiyon kamfanin, mai awon fili, wani dogo ne Obed, Kirista daga kudancin Kaduna, Hausa a bakinsa kamar Bakano. Shi ya tsuguna a tsakar gidanmu ya ce, "Inna, don Allah me ya hana ki?"

Sai ta faɗa masa. Wallahi sai ya cire hularsa. Ya warware taswirar ginin a kan tabarma, ya danne gefunan da takalmansa, ya ɗauko tef ya auna, ya sake aunawa.

"Inna, kin ga koren nan? Lambu ne. Tsakanin bene da bene za a bar fili a shuka itatuwa. 'Ya'yanki a cikinsa suka faɗo. Babu mai haƙa nan."

Liman Iliyasu ya ba da shawara tun a lokacin. Ya ce, "Barira, tun gida yana tsaye, a tone su a mayar maƙabarta. Ya halatta." Inna ta girgiza kai. Ta ce shekara talatin da wani abu suna kwance, me zai sa a tashe su, ga shi har inuwa za a yi musu? Ni ma na goya mata baya. Ni ce ma na ce wa Liman, "Malam, ai takarda ce ta hukuma, ba ta canzawa." Kai, wannan magana tawa tana ci mini rai.

Obed ya kafa turaku huɗu masu jan fenti ya kewaye wurin. Inna ta dangwala hannu. Fulotin Kangire kuwa ko rijiya babu, sai muka koma wurin ƙaninta Ƙasimu a Farin Dutse, can ƙasar Gwaram, kafin a ga abin da Allah zai yi.

Da damina ta faɗi Obed ya aiko da saƙo ta hannun direban motar kasuwa. An sake taswira, benaye sun tashi daga uku zuwa biyar, lambu ya tsuke, amma ya roƙi manyansa, turakun suna cikin lambun. Inna ta aika masa da ƙwaryar gyaɗa. Bayan kaka sai shiru. Ashe an ɗauke shi an tura shi wani aiki a Gumel, an kawo wani safiyon da sabuwar taswira ta uku. A wannan babu kore ko ɗigo. Inda lambu yake an zana shaguna.

Ranar da Obed ya ji, a kan babur ya zo har Farin Dutse, da rana tsaka, wandonsa duk ƙaya. Ko ruwa bai sha ba. Ya ce, "Inna, ku taso. Jibi za a fara haƙa harsashi. Na samo izini a tone su yau."

Muka tafi da Kawu Ƙasimu da diga da shebur, muka biya muka ɗauki Liman, ya riƙo ƙyallen likkafani. Da muka isa sai na tsaya kamar an dasa ni. Babu unguwa. Katafila ta bi ta share komai, fili fetal, jan ƙasa daga titi har bayan kasuwa. An cike rijiyarmu, an tuge darbejiyar ƙofar gida. Turakun Obed kuwa sabon safiyo ya sa an cire, wai suna rikita masa awo.

Obed ya ce kada mu damu, yana da lambobin awon wurin a littafinsa. Ya je neman dutsen simintin da ya fara awo daga kansa. Shi ma an tumɓuke shi, saboda an faɗaɗa titi.

"Inna, ina ƙofar ɗakinki take?" in ji shi.

Inna ta shiga filin. Ta tsaya, ta dubi hasumiyar masallaci, ta juya gabas, ta ƙirga bakwai. Kawu ya haƙa har gwiwa, ba komai. Ta ce a'a, ɗakin ya fi nan kusa da titi. Ta matsa, ta sake ƙirgawa. Aka haƙa. Ta sake. Rami shida muka yi kafin la'asar, leburorin kamfanin suna zaune a kan bulo suna kallon mu. Na zage su tas, ban ma san me nake faɗa ba. Ɗaya daga cikinsu ya tashi ya karɓi digar daga hannun Kawu.

Daga ƙarshe Inna ta daina ƙirgawa. Sai na ga tana tafiya a ɗosane, tana ɗaga ƙafa a hankali, ba ta san inda za ta taka ba. Liman ya ninke ƙyallensa ya sa a aljihu, yana salati ƙasa-ƙasa.

Obed ya zo ya durƙusa a gabanta, idonsa jajir. Ya buɗe littafin ya ce, "Inna, ki yafe mini. Zan rubuta koke a dakatar da aikin, ko na sati ɗaya ne. Amma sai na sa sunaye. Me sunansu?"

Inna ta dube shi, ta dubi biron da ke hannunsa.

"Ɗan nan, ba wanda ya kai kwana bakwai a cikinsu," ta ce. "Ba a raɗa musu suna ba. Wurin kwanciyar nan kaɗai suke da shi."