Gonar Fumfunar Zaituna

A 1989 kwaleji ta turo ni Kwanyawa koyon koyarwa, na sauka gidan Goggo, yayar babana. Ranar Laraba Malam Barau zai zo daga kwalejin ya duba ni a aji, in na faɗi kuwa sai maimaita shekara. Darasin fumfuna zan koyar.

Na sayo burodi a Karaye, na yayyafa masa ruwa, na rufe a kwano, na tura ƙarƙashin gado. Goggo ta ce mene ne wannan? Ni da bakina, don iyayi, na ce, "Shuka nake yi, Goggo."

Laraba da sassafe na duba, babu kwano! Ashe kwana uku ke nan Goggo na ɗora shi bisa rumbu ya sha rana, har da barbaɗa masa kashin awaki. Burodin ya bushe ƙarau, kaji sun yi kalaci da rabi.

"Wayyo Goggo, kin kashe ni!"

"Ke Zaituna, tafi can! Wace shuka ce ke yi ba rana?"

Ina kuka ina bayani. Na ce abin nan ba ganye, ba saiwa, bai iya haɗa abincinsa kamar dawa. Duhu da laima yake so, ya baza zararruwansa cikin abin da aka manta ya yi ta ci.

Goggo ta riƙe haɓa. "Au, wai fumfuna kike nufi? Fumfuna dai?" Ta yi dariya har da zama a ƙasa. Sai ta miƙe, ta suri faifai, ta shiga gida-gida tana cewa, "Salamu alaikum, wa ke da abin da ya lalace? Boko ke so!"

Ƙarfe goma ina gaban allo, Malam Barau ya buɗe littafinsa. Sai ga Goggo da mata shida a bayanta. Tuwo mai koren gashi, tsohon takalmin fata, zangarniya mai burtuntuna, laimar kwaɗi guda uku, duk aka jibge a teburina.

Malam Barau ya ɗaga zangarniyar, baƙar ƙura ta tashi, ya yi atishawa sau huɗu. Na yi wuf na ce, "Yauwa! Wannan ƙurar ita ce irinta, iska ke shuka mata." Yara suka kwashe da dariya, ni ma na kasa riƙe tawa.

Da ya share hanci, ya tambayi ajin, "Me ya sa fumfuna ba tsiro ba ce?"

Lokacin Goggo da matan sun koma waje suna leƙe. Sai muryar Goggo daga taga: "Ba ta noma, ranka ya daɗe. Na mutane take ci, a duhu!"

Malam Barau ya dube ni. "Ke kika koya mata?"

"Ɗazu da safe, Malam."

"To, kin ci," in ji shi, ya rufe littafin. Goggo ta rangaɗa guɗa.