Ranar da Hajo ta kira sunan 'yar farinta

Shekara goma sha biyar Hajo ba ta taɓa ambaton sunan Nafisa ba. 'Yar fari ce, kuma a gidansu na Ƙofar Sauri mace mai kunya ba ta wannan ɗanyen aiki. In yarinyar na kusa "ke" ce, in ta yi nisa "waccan". Kakarta Indo ce ta raine ta, ita ce abokiyar hirarta, har Allah ya karɓi abarsa bara.

Tun daga nan Nafisa ta daina ci, ta daina dariya, ta rame kamar tsinken tsintsiya. Hajo ta tsorata ƙwarai, ta ja ta asibiti.

Likitar, wata matashiya mai suna Suwaiba, ta buɗe takarda. "Mama, mi sunan ɗiyar taki?"

Hajo ta dubi fanka, ta gyara mayafi. "Tambaye ta mana, ai da bakinta."

Aka fitar da Hajo don a gana da yarinyar ita kaɗai. Ta manna kunne da ƙofa, tana jin tambayoyin da ba ta ga haɗinsu da ciwo ba: barci, makaranta, ƙawaye, waya. Wai har da ko tana jin ana son ta a gida! Can ta ji likita ta ce, "In abu ya dame ki, wa kike gaya wa?"

"Kaka."

"Yanzu fa?"

Hajo ta kasa kunne ko za a ambace ta, ba ta ji ba, abin ya soke ta har cikin rai.

Da aka dawo da ita, likita ta ce gwaji bai nuna ciwo ba. "Kakarta ce garkuwarta, ga shi babu ita. Kullum bayan la'asar ki zauna ku yi hira, kuma ki kira ta da sunanta."

"Likita, ba allura? Ko goma ce, ni a yi mani."

"Babu."

Suka fito bakin titi, Nafisa na gaba kai a sunkuye. Hajo ta duba dama da hagu, ba ɗan unguwarsu ko ɗaya. Ta yi gyaran murya sau uku, har wani ɗan acaɓa ya taka birki yana zaton shi ake nema.

"Nafisa."

Yarinyar ta waiwayo, ta leƙa bayan uwarta tana neman mai kiran. Sannan ta gane.

"Na'am."

Hajo ta share ido da gefen mayafi. "Kada dai ki gaya ma kowa. Zo mu sayi awara, ki ci ki ba ni labari."