Baitin da Kaka Eufrosina ta Ara

Yurleidis ta haifi 'yarta Saray, kyakkyawa, ga kumatu, ga gashi, duk unguwar bakin kogi sai da aka zo kallo. Kakar Yurleidis, Eufrosina, kuwa, da ƙafa ta ƙi mata, a kujera aka ɗauko ta. Ta karɓi jaririyar ta kama yi mata waƙar reno, wannan dai da kowace uwa a yankinsu na Chocó ta sani. Yurleidis ta ɗauka a waya ta ɗora a intanet don danginsu da ke birnin Cali su gani.

Ba a daɗe ba Kaka ta rasu. Wayar ma ta suɓuce daga kwale-kwale ta faɗa kogin Atrato. Abin da ya rage na muryar tsohuwa ke nan, wanda ke intanet.

Ran da Saray ta fara zama, Yurleidis ta ari wayar maƙwabciya don ta jiyar da ita. Hoto na motsi, bakin Kaka na motsi, murya babu. An rubuta wai waƙar mallakar wani ce.

Ta goya 'yarta sai birnin Quibdó, wajen lauya Mosquera, wata mace mai taimakon talakawa.

"Ranki ya daɗe, waƙar kakannina ce. Wa ya mallake ta?"

"Kin tuna wani mawaƙi da ya zo garinku da na'urar ɗaukar murya?"

"Mai wandon nan kamar an zuba shi a ciki? Kifinmu ya ci har ya nemi ƙari."

Lauya ta murmusa. Ta ce tsohuwar waƙa ta kowa ce, ba mai hana ki. Amma mutumin ya ƙara mata baiti nasa, ya yi rajista, abin da ya ƙara kuwa doka ta ba shi.

"To ina ruwan Kaka da baitinsa?"

Lauya ta maido hoton tsakiya. "Dubi bakinta, 'yata. Me take cewa a nan?"

Yurleidis ta duba. Baitin mawaƙin ne, na farin wata da kwale-kwale. Kaka ta ji shi a rediyo, ta ce yaron nan ɓarawo ne amma ya iya sata, shi ke nan ta riƙa cusa shi cikin nata.

"Zan rubuta wa masu shafin," in ji lauya. "In kin yarda a yanke wurin, za su sake miki sauran. In kin ja, sai su sauke shi gaba ɗaya."

"A wurin ne fa ta kira sunan Saray. Nan kaɗai. Har ta yi dariya."

"Na gani."

Yurleidis ta daɗe tana jijjiga goyonta. Sannan ta ce a yanke.

Yanzu murya ta dawo. Kaka na waƙa, sai hoton ya yi tsalle, hannunta da ke kan jaririya ya koma kan cinyarta. Saray na jin muryar sai ta tsaya cak ta buɗe ido. Idan aka zo wurin tsallen, Yurleidis kan tsayar da wayar ta kira sunan da kanta. Dariyar ce ta gwada ta gwada, ta kasa.