Yaran Yaya Ba Su Fito Ba

Matar Yaya ce ta kira ni ina shan shayi a ofis. Murya a sanyaye, ta ce ta buɗe shafin zuriyar da na haɗa wa danginmu, ta ga kowa, har jariran bana, amma babu 'ya'yanta. In don ubansu ya rasu ne aka cire su, a gaya mata kawai.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Yaran da ni na goya su? Na ture kofin, na jawo kwamfuta.

A rumbun bayanai suna nan daram, kowanne da lambar ubansa. Amma in waya ta tambayi saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin, sai amsa ta dawo babu su. Sunayen dangin duk a jeri ɗaya suke cikin rumbun, ɗa na rataye da uba, uba da kaka, shirin kwamfutar da ke fito da su kuma daga kaka yake farawa, ya sauko yana kwaso 'ya'yan kowa. Na zagi sabar, na zargi wayar, na sake loda komai. Shiru kake ji.

Abokin aikina Sarkin Surutu ya leƙo yana tauna gyaɗa, ya tambayi inda na samo wannan ɓangaren na shirin. Na ce daga shirin ma'aikata mana, mai nuna wa ke ƙarƙashin wa, ai tsarin ɗaya ne. Ban rufe baki ba na gano matsalar. Wancan shirin ba ya fito da wanda ya bar aiki. Mama ce ta roƙa a ɓoye Yaya, ba ta iya kallon hotonsa, ni kuwa na buga masa alamar wanda ya bar aiki. Shirin na isowa kansa sai ya tsallake shi, har da duk wanda ke rataye da shi.

Da yamma na tarar da Mama a falo tana ninke wanki. Na yi mata bayani: yaran ba za su fito ba sai ubansu ya fito, amma zan iya sa sunan kawai in rufe hoton. Ta daɗe tana shafa zanin da ke cinyarta.

"Bar hoton," ta ce. "Miƙo min tabarau."

Na gyara, na ba ta wayar. Ga Yaya yana dariya, ga yaransa a ƙarƙashinsa. Ni dai hawaye nake yi, ita kuwa ba ta ɗago ba.

"Kira min uwarsu," in ji Mama.