Biyar ta Maraɗi, Ɗari ta Jibiya

Shekara uku Yusha'u yana shan ƙwaya ɗaya kullum, wadda likita ya rubuta masa a Maraɗi, an buga 5 a kwalinta. Tun da ya fara sha ya daina hira da mutanen da ba kowa ke gani ba, ya koma gonarsa a Magama. Matarsa Salmatu ke ba shi da hannunta, don yayyensa sun gaya mata ƙarara: ranar da ciwon ya dawo, marin ƙarfe za su mayar masa a ƙafa. Tabon na farko yana nan a idon sawunsa.

Sai aka rufe boda. Direban da ke kawo maganin ya maƙale a ƙetare, kwali ya ƙare. A Jibiya wani nas, Hezekiah, ya ce babu irinsa, ya ba ta wani mai lamba 100, ɗaya da safe, biyu in za a kwanta. Layi ya yi tsawo, bai ƙara bayani ba.

Salmatu fa mai awo ce, ba a yi mata wayo a ma'auni. Daga biyar sai ɗari uku? Ta ce a ranta mutumin nan kashe mata miji zai yi. Ta samo reza, kullum ta ɓantari ɗan mitsitsi ta ba shi da bismilla. Don ƙauna ta yi, wallahi.

Sati na uku barci ya ƙaurace wa Yusha'u. Na huɗu ya tsaya a shingen boda yana yi wa motoci huɗuba, sai da yayyensa suka ɗauko shi.

Ta koma wurin Hezekiah, ta faɗi gaskiya. Ya ciro wata takarda ya nuna mata: lamba biyu ta tsohon maganin daidai take da lamba ɗari ta sabon, kamar barkono da gero, ba a auna su da tiya ɗaya.

"Baiwar Allah, wata guda ke nan mijinki ba ya shan magani," in ji shi.

Ta hau kabukabu, tana tafe tana addu'a, amma ta tarar maƙeri har ya gama sa masa marin ya tafi. Yusha'u na zaune gindin turke, yayyensa na tsaye suna cewa ai ƙin shan magani ne ya ja masa. Ya ɗago ya dube ta.

"Salmatu, ko sau guda ban taɓa ƙin sha ba. Hwaɗa masu."

Ta dubi ƙwayoyin da take ɓantarar masa, suna jiƙewa da gumi a tafin hannunta.